Tabon da ke Teburin Stoyadin

"A hankali! Na ce a hankali, Obrad! Buhun dankali ka ɗauke shi?"

Teburin ƙarfe na injin sassaƙa yana reto a jikin sarƙa a bakin ƙofar garejin. Obrad mai tarakta ya riƙe gefe guda, gumi na ɗiga daga gemunsa, Yelitsa kuwa ta tokare ɗaya gefen da kafaɗa. Mai ihun, Stoyadin, yana zaune a kujerar roba ƙarƙashin rumfar inabi, an lulluɓe masa gwiwoyi da bargo. Ba abin da yake iya ɗagawa yanzu sai sandarsa da muryarsa, muryar ma rabinta tari ne.

"Maistor, in ka ƙara buɗe baki a ƙafarka zan sake shi," in ji Yelitsa, tana kiransa da laƙabin da ake yi wa gwanin sana'a a nan. "Sai a haɗa ka da teburin a yi muku walda tare."

"Ke za ki yi mini walda? Gara a binne ni a karye."

Obrad ya ƙyalƙyale da dariya, sarƙar ta zame, teburin ya sauko da ƙarfi har ya kusa taɓa tubalan da aka jera masa. Stoyadin ya miƙe rabi, tari ya mayar da shi kujera. Sai da ƙarfen ya zauna daram a kan tubalan sannan kowa ya ja numfashi.

Tun suna da sauran ƙarfi Stoyadin da Yelitsa suke cacar bakin nan. A masana'antar taragon jirgin ƙasa suka yi aiki tare, shi a kan injin sassaƙa ƙarfe, ita a ɓangaren walda, gidajensu kuma shinge ɗaya ne ya raba su, shingen da ya daɗe da ɓulewa a wajen bishiyar tuffa ba wanda ya damu ya toshe. Da aka rufe masana'antar, Stoyadin ya jawo tsohon injinsa zuwa garejin gida. Duk wanda wani ƙarfe ya karye wa a tarakta ko famfo, a unguwar nan har ƙauyukan bayan kogi, wurinsa yake kawowa. Matarsa ta rasu, mijin Yelitsa ya rasu, 'ya'ya suka watse birane, suka rage su biyu suna zagin juna ta saman shinge da safe, da yamma kuma a miƙo wa juna kwanon miya.

A farkon kakar nan abin ya faru. Yelitsa na tsakar gidanta tana gasa tattasai, unguwa duk ta ɗauki ƙamshi, sai ta ji kukan injin maƙwabcinta ya sauya. Shekaru tana jin injin nan kamar numfashin gida, ba ta taɓa jin ya yi wannan gurnanin ba. Ta bi ta ɓular shinge da gudu, ta tarar da Stoyadin kwance a ƙasa, haƙorin injin kuwa ya nutse cikin teburin yana ci. Kafin ta kashe shi ya riga ya yi rami mai tsawon ɗan yatsa, ya kuma ɓalle leɓen ɗaya daga cikin kwaruruwan da ake ɗaure aiki a kansu.

Da ya buɗe ido bai tambayi abin da ya same shi ba. Cewa ya yi, "Ɗauko buhu ki rufe shi. Kada kowa ya gani."

A asibitin gari aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka ce ciwon daji ne a huhu, ya kuma yi nisa. 'Yarsa Bilyana, mai aikin haɗa magunguna a Belgrade, ta yi ta zirga-zirga har ta samo masa gado a wani babban asibiti a can. Stoyadin ya ce ya ji, ya gode, zai tafi, amma ba zai fita daga gidan nan ya bar teburinsa da tabo ba.

"Tun ina saurayi nake kan injin nan ban taɓa cin tebur ba," ya ce. "Yara sababbin shiga ne ke cin tebur. Ba za a shigo garejina a bayana a ce ga aikin Stoyadin ba."

Bilyana ta ja Yelitsa gefe, ta riƙe mata hannu biyu. Teta take kiranta, wato goggo. "Teta, don Allah ki gyara masa abin nan. Ke kaɗai yake jin tsoro. Gadon ba zai jira mu har abada ba."

Abin da ya sa ke nan yau Yelitsa take durƙushe tana tura garwashi ƙarƙashin teburin da shebur. Ƙarfen zubi ba ya son gaggawa. In ka zafafa shi da sauri ya tsage, in ka bar shi ya huce da sauri ya tsage. Ta faɗa wa Stoyadin cewa shi da ƙarfen halinsu ɗaya, ya ce ai shi ya sa ake daraja su. Ta yi ta zagaye tubalan, tana ƙara gawayi nan, tana janye shi can, tana tofa yawu a kan ƙarfen ta ga yadda zai yi tsalle. Obrad ya gaji da tsayuwa ya tafi gonarsa. Da rana ta take, ta ja gilashin walda ta rufe fuska.

Rabonta da aiki irin wannan tun kafin gwiwoyinta su fara ciwo. Ta ɗiga kaɗan, ta ajiye, ta bubbuga wurin da ƙaramar guduma tun yana ja, ta sake ɗigawa. Stoyadin ya juya kai gefe saboda hasken, amma bakinsa bai juya ba.

"Kin cika wuta."

"Ka gani ne?"

"Ina ji a kunnena."

"To toshe shi."

Da ta cike ramin ta ɗora sabon leɓe a kwarin, suka kira Obrad ya dawo, aka binne teburin cikin toka da busasshen yashi, aka rufa masa tsohon kwanon rufi. Sauran aiki sai jira.

Jiran ne ya fi ƙarfin Yelitsa. Ta koma gida ta ce za ta ƙarasa tattasanta, ta ɓare kaɗan ta ajiye wuƙa. Ta ɗora gahawa ta manta da ita har ta ƙone. Kowane ɗan motsi, ko kaza ce ta taka kwano, sai ta ce teburin ne ya tsage. Ta bi ta ɓular shinge ta je ta kara kunne a jikin kwanon rufin, ta dawo, ba ta zauna ba ta sake komawa. Wayar Bilyana kuma ba ta bar ta ba.

"Teta, yaya?"

"Yana hucewa."

"Shi Baban ko teburin?"

"Teburin. Ubanki ba ya hucewa."

Bilyana ta yi 'yar dariya, dariyar ta karye a tsakiya. "Ya ci abinci?"

Yelitsa ta dubi kwanon romon kazan da ta dawo da shi kamar yadda ta kai. "Ya ɗan taɓa," ta ce.

Da suka tone tokar, teburin ya fito lafiya, ba tsaga ko ta gashi. Stoyadin ya sa aka kawo masa guduma ya ƙwanƙwasa gefensa, ya saurari amon har ya mutu, sannan ya ce, "Hm." A wurin Stoyadin wannan yabo ne. Aka mayar da teburin kan injin. Yelitsa ta ci tudun waldar da magagari har ya kusa daidai, daga nan aka shiga aikin hannu: a shafa shuɗin fenti a jikin miƙaƙƙen ƙarfen awo, a goga a kan teburin, duk inda shuɗin ya kama a kankare shi da makankari, a share, a sake gogawa. An shigo da kujerar robar cikin gareji, Stoyadin na zaune dab da injin yana nuni da sanda.

A lissafin Yelitsa aikin yini biyu ne. Mako ya wuce suna nan.

Kullum da safe sai ya sa ta ɗora ƙarfen awon, ya sunkuyo ya leƙa ta ƙarƙashinsa wajen hasken taga, ya girgiza kai. Yau nan ne ya yi tudu. Gobe can ne. Jibi ya ce tunda an taɓa wannan gefen, dole a bi ɗaya gefen ma, kada su saɓa. Wuyan rigarsa na ƙara yi masa yawa. Tattasan Yelitsa ya fara ruɓewa a buhu, Bilyana kuma ta koma bugo waya safe da rana da yamma.

Wata rana da la'asar Yelitsa ta yi jifa da makankarin a kan benci.

"Stoyadin, dube ni. Wurin nan ko ƙuda ya sauka sai ya zame. Ka sani, na sani. Me kake nema?"

Bai dube ta ba. Ƙofa ya kalla, inda inabin ya nuna har ƙudan zuma na bin sa ba wanda ya tsinka.

"Da ƙafarsa Yovan ɗinki ya tafi asibitin Belgrade," ya ce. "Ni na kai shi tasha. Ya ce in ba tantabarunsa ruwa kafin ya dawo."

"Kada ka sa mijina a bakinka."

Ba ta manta ba. Tana cikin bas a hanyar Belgrade, kwalbar miya a kan cinyarta, Yovan ya cika. Da ta isa an riga an yaye zanin gadon. Babu wanda ya kunna masa kyandir a hannu kamar yadda ake yi wa mai barin duniya, a cikin duhu ya tafi kamar wanda ba shi da kowa, kuma har yau in ta shiga coci wannan ne yake fara zuwa mata.

"Ranar da Bilyana ta fita amsa waya na tambayi likitan," in ji Stoyadin. "Na ce, ɗana, zan ga dusar ƙanƙarar bana? Ya tsaya yana gyara biro a aljihunsa. Yaron kirki ne, bai iya ƙarya ba." Ya yi tari mai tsawo, ya goge baki. "Ba na son in mutu ina kallon silin asibiti, maƙwabciya."

"To ka faɗa wa 'yarka! Me ya sa sai ni za ka sa a tsakiya?"

"Ke kin taɓa ce wa Bilyana a'a kin ci nasara? Uwarta ce sak."

Yelitsa ta fice. Ta share tsakar gidan da ta riga ta share. Ta ɗauki waya ta ajiye. In likitan ya yi kuskure fa? In a can za su iya ƙara masa watanni, ya ga bazara, ya ga jikarsa ta gama makaranta? Wace ce ita da za ta sace wa Bilyana wannan? Yarinyar da ta goya, ta yi wa kitso ranar da uwarta ke kwance. Ta sake ɗaukar wayar, ta danna rabin lambar, sai ta ji tarinsa ta bayan shinge, ta tsaya da wayar a hannu har ya lafa.

Ranar Asabar da hantsi motar Bilyana ta tsaya a ƙofar gida. Ta shigo da akwati a hannu, idanunta sun yi ja don tuƙi da rashin barci. Ta sumbaci uban a goshi, ta ja baya ta dube shi, Yelitsa ta ga yadda ta haɗiye abin da ta gani.

"Baba, ranar Litinin za su ba wani gadon. Na zo mu tafi."

"Aiki bai ƙare ba."

Bilyana ta juyo. "Teta, ke zan tambaya, don ke ba kya yi mini ƙarya. An gama ko ba a gama ba?"

Yelitsa ta goge hannu a gaban rigarta, ta sake gogewa. Ba ta kalli Stoyadin ba, amma tana jin idonsa a gefen fuskarta.

"Da saura," ta ce.

Bilyana ta ajiye akwatin. A garejin nan ta yi rarrafe, a nan ta koyi ƙirga da notoci. Ta matso ta shimfiɗa tafin hannunta a kan teburin, ta ja shi a hankali daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ta bi ta kan wurin waldar ta dawo. Ta ɗago ta dubi Yelitsa, ta dubi ubanta. Stoyadin ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama.

Ta fita. Suka ji ta buga ƙofar mota. Yelitsa ta leƙa ta taga ta hango ta zaune a kujerar direba, ta kifa goshi a kan sitiyari, kafaɗunta na rawa. Stoyadin ya ce a ba shi ruwa, ta ba shi, bai sha ba.

An daɗe kafin Bilyana ta dawo. Ta cire kwat ɗinta ta rataye a ƙusa, ta naɗe hannun riga.

"Ina ne ya yi tudun?" ta ce.

Stoyadin ya ɗaga sanda, ya nuna wani wuri can gefe.

"Teta, ba ni makankarin. Ku biyun nan in aka bar ku sai Kirsimeti."

Ba ta koma Belgrade ba. Ta bugo wa wurin aikinta, ta bugo wa asibitin ta ce a ba mai buƙata. Wata ma'aikaciyar jinya ta riƙa zuwa daga asibitin gari, allurar rage zafi kuwa Bilyana ce ke yi masa da kanta. Da safe su kamo shi su biyu su kawo shi kujerarsa, ya zauna cikin bargo yana ba da umarni. Yatsun Bilyana suka rine da shuɗi har ƙarƙashin farce. Ba wani abin kirki suke kankarewa ba, ɗan ƙurar ƙarfe ce da ba ta kai a gani ba, amma ƙarar makankarin na sa shi barci, in suka tsaya kuma sai ya buɗe ido.

"Wa ya ce ku huta? A masana'anta da tuni an kore ku."

"A masana'anta ana ba mu hutun cin abinci, azzalumi," in ji Yelitsa.

"Baba, gaskiya ne wai Teta ta taɓa yi wa akwatin abincinka walda a jikin benci?"

"Da abincin a ciki! Wake da tsiran alade. Na yini da yunwa."

"Ka ce waldata kamar kashin kaza, me kake so in yi?"

Ya yi dariya har sai da suka ɗaga shi zaune don ya sami numfashi.

Ranar da zai tafi, gari ya waye da sanyi da rana mai haske. Bai yi gardamar komai ba, abin da ya sa Yelitsa ta kasa tsayawa wuri ɗaya ke nan. Ta gyara masa bargo, ta jera sifanu, ta warware jerin ta sake. Wajen hantsi ya ce da Bilyana, a hankali har sai da ta kai kunne bakinsa, "Kunna shi in ji."

Bilyana ta danna. Injin ya ɗauka, ya daidaita, garejin ya cika da tsohon kukansa mai laushi. Ta juya hannun tuƙin, teburin ya tafi hagu ya dawo dama, sumul, ba tangarɗa. Stoyadin ya lumshe ido yana saurare.

Yelitsa ce ta fara lura da numfashinsa. Yana ja, ya tsaya, ya daɗe, sannan ya sake ja. Ta san wannan, ta gani a wurin uwarta. Ta fita da gudu. Ta kutsa ta ɓular shinge, silifas ɗinta ɗaya ya maƙale ta bar shi, ta faɗa ɗaki ta fizgo kyandir daga gaban hoton waliyyin gidansu, ta dawo tana haki. Sai a bakin garejin ta tuna ba ta ɗauko ashana ba.

"Ashana! Bilyana, ina ashana?"

Babu. Tun da aka hana shi taba aka kwashe su. Ta watsa kayan kan benci, ta ci karo da tsohuwar layitar da take kunna wutar walda da ita, ta ƙyasta, ta ƙyasta, ta kama. Ta sa kyandir ɗin a hannunsa. Bilyana ta durƙusa ta naɗe yatsunsa a kai da nata shuɗɗan yatsun, tana cewa, "Ina nan, Baba. Ga ni. Ga Teta ma." Yana da sauran numfashi lokacin da wutar ta miƙe. Ya ja, ya saki. Suka jira na gaba, bai zo ba.

Ba wadda ta motsa. Injin na ta yi. Can sai ga Obrad ya shigo da fara'arsa, wani karyayyen ƙarfe a hannu, yana cewa tun daga titi ya jiyo kukan injin, ashe Maistor ya warke, to ga aiki ya kawo. Ya tsaya cak a bakin ƙofa. Ya cire hularsa, ya yi alamar gicciye, ya lallaɓa ya kashe injin.

An binne shi kusa da matarsa. Tsofaffin masana'anta sun zo da baƙaƙen kwat ɗinsu da suka yi musu yawa, suka ci dafaffiyar alkamar makoki, suka zuba wa ƙasa 'yar barasa kafin su sha. Daga baya Yelitsa ta ga sun nufi garejin ɗaya bayan ɗaya don su duba teburin. Ba ta bi su ba. Ta tsaya wanke kofuna.

Kashegari da rana hadari ya haɗo. Bilyana ta samu barci ya ɗauke ta a kan doguwar kujerar falo, takalmi a ƙafa, Yelitsa ta rufa mata bargo ta fito. Ruwa ya fara sauka ɗis-ɗis. A bayan gidan ta ga igiyar shanya: rigunan Stoyadin biyu na aiki, da singileti, da safa, an wanke su tun yana da rai, a cikin hidima kowa ya manta da su. Ta yi sauri ta kwashe kafin su jiƙe. Ta tsaya a ƙarƙashin rumfa ta ninke su ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa kowace safa da 'yar'uwarta. Da ta gama ta rungume su a ƙirji, ta dubi ƙofar gidansa, ta dubi tata, ruwan na ƙara ƙarfi a kan kwano.